Maganar da Aka Sa a Bakin Ɗan Gwaggona

Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Ɗan gwaggona dai ya riga ni, kamar yadda ya saba riga ni ga komai tun muna yara, har bakin akushi. Ya cika ranar wata Talata da hantsi, a ɗakinsa na Deule, bayan jinyar da ba ta kai wata biyu ba. Ni ɗan kawunsa ne, taubashinsa ke nan, saboda haka wanda ya ga na ɗan taɓa shi a takardar nan kada ya ce ban san girman mamaci ba. Wasan nan gadonsa muka yi, mutuwa ba ta kashe shi.

Karatuna aji uku ne a lakwal, wato makarantar boko, ta Buza. Daga nan mushe, malaminmu ke nan, ya gaji da ni, ni ma na gaji da bulalarsa, muka rabu kowa ya huta. Rubutun Hausa marigayin ne ya koya mini da girmana, irin Hausar littafi wadda ba da ita muke cin tuwo ba a Adar. In kun ga kuskure kun san wanda za ku zarga, sai dai ya tafi inda ba a kai sammaci.

An taru, ba laifi. Motoci daga Madawa, babura daga Bangi da Urno, har da wata tawaga daga Keita da ta zo da mai ɗaukar hotonta, don kada ladan ta'aziyya ya wuce ba shaida. Na zauna bakin rumfa ina karɓar gaisuwa, kunnena na kan abin da ake faɗa game da shi. Wani Alhaji mai sayen albasa ya shafa fatiha, ya matso kusa da ni, ya rage murya.

"Allah dai shi sawwaƙa mai. An ce mai zanen abu mai rai, gobe ƙiyama sai an tsai da shi an ce shi hura mai rai."

Na ce, "Alhaji, kwantar da hankalinka. Mutumen ga ko ƙwai bai iya zanawa ba. In ya ja layi sai ka ce hanyar Keita da damana."

"To mi shika yi a Yamai shekara da shekaru?"

"Magana shika sa ma zane ga baki."

Ya dube ni kamar na ce masa ana auna iska da tiya. Ya ce, "Wannan ko aiki na?" Bai jira amsa ba ya jawo kwanon shinkafa gabansa.

Haka aka yini. Wani ya ce ɗan silima ne, wani ya ce mai wasa da 'yan tsana ne, wani ya ce ai tafintan Nasara ne. Waɗanda kawai na yafe wa su ne wasu magidanta masu furfura tsilli-tsilli da suka laɓe bayan rumfa suna kwaikwayon muryar wani tsohon jaki na fina-finansa, suna dariya suna share ido. Bai dace da makoki ba, amma ko banza su maganarsa suka riƙe.

Abin da ya sa ni ɗaukar biro ranar sadakar uku ya faru. Babban ɗansa, wanda ke Yamai yana sana'ar haɗa bidiyo a waya, bai sami jana'iza ba, sai washegari ya iso. Bayan an shafa addu'a sai na ga salularsa tana yawo hannu zuwa hannu, kowa ya kalla sai ya kama baki. Da ta iso gare ni na ga hoton marigayin ne, wanda ke rataye a ɗakinsa, mai farar hula. Ina cikin kallo hoton ya ƙifta ido. Ya juya wuya. Ya buɗe baki ya ce, "Ni ne mahaifinku. Ina cikin ni'ima. Na yafe wa kowa, musamman ɗana na fari."

Mutanen da ke gefena kuwa sai "ikon Allah" suke yi, wani na cewa a tura masa. Ɗan ya miƙe ya sanar cewa ranar arba'in zai zo da majigi ya haska shi a bangon gidan, duk Deule ta ji uban nasa ya yi bankwana. Aka ce madalla da ɗa na gari. Mutum kwana uku a ƙasa, an tono fuskarsa ana murza ta kamar ƙullun ƙosai, ana kuma sa albarka.

Kafin ku ce tsoho ne ba ya son zamani, bari ku ji wanda aka yi wa wannan.

Tare aka kai mu lakwal. Ni na sauka a hanya, shi ya wuce Tawa, ya zama mushe, daga baya aka kira shi Yamai aikin shirye-shiryen yara a tele, wato talabijin. Can ya gamu da wani Bature da wata ƙungiya ta kawo don a yi gajerun fina-finai na zane mai motsi, abin da 'yan lakwal ke kira desan-anime, a riƙa haskawa ƙauye-ƙauye a kan tsabtar rijiya, rigakafin ƙyanda, da jera duwatsu a gona don kada ruwa ya kwashe ƙasa. Baturen mutumin Ekos ne, wadda rediyo ke kira Sikotlan. Marigayin ya ce ƙasa ce ta duwatsu da tumaki kamar Adar, sai dai su ruwa ne ya yi musu yawa. In kana son ganin fushin mutumin nan ce masa Ingilishi. Kamar ka kira Ba'adare Bagobiri ne a gaban surukansa.

Shi ma ba ya zane, marubuci ne. A ƙasarsu ya fara da rubuta 'yan maganganun da ake sa wa hotuna a jaridun yara, ya koma rubuta wa tele labaran dabbobi masu magana, har furfura ta fara fito masa kafin ya zo nan. Amma mu Mai Zane muke ce masa, kuma ba don sana'arsa ba. Ranar wani biki ya fito da kayan ƙasarsu, ashe mazansu zane suke ɗaurawa, iyakarsa gwiwa. Sunan ya zauna masa daram ta fuska biyu. Shi yana jin daɗi, yana zaton ana girmama aikinsa. Shekara huɗu kafin ɗan gwaggona ya yi masa bayani, shi ma don sun yi faɗa ne.

Yadda suke aiki, Mai Zane ya tsara labari, masu zane su zana, marigayin ya sa Hausa. Ni da na ɗauka fassara ce, har na je Yamai ganin likitan ido na sauka wurinsa, na ga aikin da idona mai lafiya. Zai zauna gaban allo da ƙwallayen dabino a aljihu. Duk buɗe bakin da jaki ya yi sai ya ajiye ƙwallo ɗaya a tebur. In jaki ya buɗe baki sau bakwai, magana mai gaɓa bakwai zai nemo masa, ba shida ba, ba takwas ba. Inda leɓɓan jakin suka haɗu, dole kalmar ta zo da "ba" ko "ma" a daidai wurin, don da su ne leɓe ke rufewa. Bayan wannan duka, sai maganar ta zama irin wadda tsohon jaki zai faɗa, ba bushiya ba, ba akuya ba. Na ga ya yini a kan jimla guda, yana taunar ta yana tofarwa. Na ce masa, "Kai, mutum da iliminai, gwamnati ta yi hasarar alli bisa kanka, ka ƙare ga ƙidayar hammar jaki." Ya ce, "Magana takalmi ta. In ba ta mai ita ba ta, tahiya ka tona ta." Ya ƙara da cewa ai ni ya kalla ya gina jakin. Na bar shi da Allah.

Faɗansu da Mai Zane a kan gaisuwa ne. A wani fim, bushiya ta iske tsohon jaki a bakin rijiya, ta buɗe baki sau biyu, ta shiga zancen ruwa ya ɓaci. Marigayin ya ajiye biro ya ce ba da hannunsa ba. Yarinya ta iske dattijo ta faɗa masa magana ba ina kwana, a haska wannan a Bangi ko Urno, ai ba wanda zai ƙara jin zancen rijiya, kowa tambaya zai yi ɗiyar wa ce. Mai Zane ya ce kowace buɗe baki zane ne da yawa, masu zanen ba su da hannu goma, kuma yara za su yi barci kafin a gama gaisuwar. Sati uku takarda kawai ke shiga tsakaninsu, alhali teburinsu ɗaya.

Ƙarshe marigayin ya ɗauko shi ya kawo shi Deule ya gani da idonsa. Ni aka sa in tarbe shi. Na kuwa ba shi haƙƙinsa cikakke: ina kwana, ina gajiya, ina rana, ina gida, ina ɗiya, ina bisashe, ina labari, ina haƙuri da mu. Da na kai ƙarshe na sake ɗaukowa daga farko, don baƙo ne mai daraja. Shi "lahiya lau" kaɗai ya iya, yana faɗa yana satar kallon agogonsa. Kwana biyu ya yi yana zaune ƙofar gida yana kallon masu wucewa. Rana ta uku ya ga wasu tsofaffi biyu sun gamu a hanyar gona. Tun daga nesa suka fara gaisawa, suka gifta juna ba su tsaya ba, kowa ya ba ɗan uwansa baya, gaisuwa na ci gaba har murya ta ɓace. Sai ya miƙe tsaye ya kama hannun marigayin. Abin da ya gano shi ne ba sai an ga baki ba. Tun daga fim ɗin nan bushiya kan fara gaisuwa tana bayan tudu, ta ƙarasa ta bayan ta juya baya. Masu zane ba su ƙara layi ɗaya ba, jaki kuma ya sami girmansa. Marigayin ya ce Mai Zane ne ya yi dabarar. Mai Zane ya ce tsofaffin ne. Ni da na yi gaisuwar farko ba wanda ya ambace ni.

Alherinsa gare ni guda ɗaya zan faɗa, kada kansa ya kumbura a kabari. Ɗiyata ta biyu tana da i'ina. Tana ƙarama yara suka sa ta gaba da kwaikwayo har ta daina zuwa ɗibar ruwa, ta daina magana sai da uwarta. Ban taɓa kai masa kuka ba, hutu ya zo ya gani. Shekara ta zagayo aka kawo sabon fim, sai ga wata akuya mai i'ina a ciki. Duk dabbobin suna surutu suna ɓata, ita sai an jira ta, kuma abin da ta faɗa shi ke fitar da su. Raina ya ɓaci da farko, na zaci ba'a ce. Ba a yi sati ba na ji yara a bakin rijiya suna cewa juna a yi shiru a bar ta ta ƙare. Da na je yi masa godiya ya ce bai san zancen ba, wai bakin akuyar ne masu zane suka yi wa rawa, dole ya cike gurbin. Ƙarya yake yi, kuma ita kaɗai ce ƙaryar da na taɓa kama shi da ita.

Mai surutu ne, wannan kowa ya shaida. Yana alwala yana magana, yana cin goro yana magana, in ba kowa ya yi da kaji. Amma bai taɓa cewa "wane ya ce" ba sai in wanen ya ce, da kalmominsa. In ka kawo masa labari ka ƙara gishiri zai tsayar da kai: "Hakanan yac ce, ko hakanan kaka so shi ce?"

Aikin ya mutu kamar yadda ayyukan ƙungiyoyi ke mutuwa. Mai Zane ya koma ƙasarsu ya ci gaba da rubuta wa yaransu har tsufa, kowace shekara wasiƙarsa na zuwa. Da labarin rasuwarsa ya iso, marigayin ya sayi dabino ya rarraba a unguwa bai faɗi dalili ba. Shi kuwa ya dawo Deule da akwatin kaset-kaset, ya koma noman hatsinsa. Zafi da gara suka fara cin akwatin. Ya roƙi babban ɗansa, tun da sana'arsa ce, ya kwashe fina-finan ya zuba a waya kafin su lalace. Ɗan ya ce wa zai kalli wannan yanzu. Uban ya ce shi sana'arsa ta sa wa mutane fuskar da ba tasu ba ai ƙarya ce mai lantarki. Magana ta yi tsami. Shekara biyu ɗan bai taka Deule ba, sai da aka kira shi aka ce an rufe. Kaset ɗin kuwa yanzu ko akuya ba za ta ci ba.

To wannan mutum ne aka ɗauki fuskarsa aka sa masa Hausar Kano a baki. "Ni ne mahaifinku." Wanda har ya mutu "ni na" yake cewa. Ba sallama, ba ina wuni. Da ya zo "musamman", leɓɓansa a buɗe suke kamar kaza mai jin ƙishirwa.

Washegarin sadakar uku da safe na tare ɗan a zaure.

"Kai, abin ga da kac ce za ka haska, ba za a haska shi ba."

"Don mi, Baba? Kowa ya yaba."

"Kowa ya yaba shinkafa ma. Yaushe ubanka yah hwaɗi maganag ga?"

"Ai an san ba shi yah hwaɗa ba. Tunawa ta kawai."

"Tsohuwar da tac ce ikon Allah ta sani? Shekara goma nan gaba ɗiyanka za su ce ga wasiyyar kakansu."

Ya yi murmushi irin na 'yan birni. "Baba, ba aikin da shi yay yi ke nan ba? Jaki ya yi magana, bushiya ta yi magana, shi na ba za shi yi ba?"

Ban ɓoye muku ba, ya ɗan taɓa ni, don jinin uban na jikinsa. Na ce, "Jakin ubanka bai taɓa rayuwa ba balle a yi mai ƙazahi. Wanga ya rayu, ya yi magana har ta ishe mu. Cikin duk abin da yah hwaɗi ba ka samu guda ba, sai da kaƙ ƙera sabuwa? Kuma dubi wadda kaƙ ƙera. Kai ka rubuta ma kanka gahwara, ka sa hannun mamaci."

Murmushin ya tafi. Ya ce, "Kai kana wurin da yac cika. Bai ambace ni ba?"

Nan na so a ce ni ma ina da irin na'urarsa. Amma taubashin wanda na faɗa muku ne ni. Na ce, "Ban ji ba."

Ya ce to shi ba zai janye ba, don an riga an sanar, sai in uwarsa ce ta hana. Na ce mu tafi.

Muka same ta a ɗaki bisa tabarma cikin kayan takaba, tasbaha a hannu. Ba wanda ya nuna mata abin tukuna. Na shirya jawabi tun daga zaure, har da aya guda da na tabbata ban karya ta ba. Ban kai rabi ba ta ɗaga hannu.

"Kai dai ba ka canza ba. Ku ba ni in gani."

Ɗan ya durƙusa ya miƙa mata. Ta riƙe salular nesa da fuska, yadda masu tsufan ido ke yi. Hoton ya ƙifta, ya yi maganarsa har ƙarshe. Na jira salati ko kuka. Ba ta yi ko ɗaya ba.

"Wane na wanga Bakano?"

"Inna, Baba na."

"Huskatai ta. Muryag ga ban san mai ita ba. Ana iya kashe ta?"

Ya danna, murya ta mutu. Ta sake kallo. Fuskar na ƙifta ido, tana juyowa, baki na motsi ba sauti. Ta kalla sau uku, mu muna tsugune kamar masu jiran hukuncin alƙali, ƙafata har ta mutu.

Sannan ta ce wa ɗan, "Ba za ka kai mani miji bango ba. Abin da bai hwaɗi ba, bai hwaɗi ba. Ni ma akwai maganad da nika jira shekara arba'in da ɗoriya, bai hwaɗe ta ba, ban kuma sa an hwaɗa mani ba. In gahwara kaka so, ka san inda shike kwance, ka san mai ba da ta. Tashi ka tahi."

Ya tashi ya miƙa hannu zai karɓi salularsa. Ta sa ta ƙarƙashin cinya.

"Wagga ta zamna nan. Ka sayi wata."

Na ce, "Haba uwar ɗiya, ƙazantag ga za ki aje cikin ɗaki, kina takaba?"

Ta ce, "Kai ina ruwanka. Tun da anka kawo ni gidan ga ban taɓa samu nai shina kallona bakinai shiru ba sai yau. Hita ka ja mani ƙohwa."

Na fita na ja ƙofar. Ranar arba'in an yi addu'a, an raba gumba, bangon gidan bai ga komai ba sai inuwar itacen bedi. Ɗan bai koma Yamai ba sai bayan ta, kuma an ce mini kowace safiya ana ganinsa a hanyar maƙabarta. Ban bi shi na gani ba, don haka ban ce na gani ba. Abin nan kuwa har yau yana ɗakinta, har yau in na tuna da shi sai na yi a'uziyya, ita kuma takan aiko a kai mata shi caji kasuwa duk ranar da batirinsa ya mutu.

Allah ya jiƙanka, ɗan gwaggona, ya yalwata maka makwanci, ya sa abin da ka faɗa da bakinka kaɗai za a tambaye ka. Mu da muka saura, Allah ya kyauta namu ƙarshen, ya kuma sa in tawa ta zo a iske ban bar hoto ko ɗaya ba.